Babi na Biyar: Kafin motar kaya ta ja tirela

Idan mai motar kaya ya tashi ɗaura mata ƙaramar tirela, abin da yakan fara tambayar bakanike shi ne ko injin zai iya ja. Amsar kusan kullum e ce, shi ya sa tambayar ba ta taɓa tsare kowa daga haɗari ba. Injin dizal na Toyota Hiace ko Ford Transit ko tsohuwar Peugeot J5, in aka sa shi a giya ta ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, zai motsa nauyin da ya fi na motar kanta, domin kayan da ke kan taya ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ya fara gangarawa. Wahalar tana gaba, a lokacin da yaro ya tsallaka titi aka taka birki, ko aka shiga kwana a gangara, ko babbar mota ta wuce da gudu iskarta ta bugi tirelar. A waɗannan lokuta injin ba shi da abin yi. Birki ne da tayoyi da ƙarfen da ya haɗa motar da tirelar ke riƙe da ran direba da na mutanen da ke gefen hanya. Hujjar wannan babi ita ce shirya mota don jan tirela aikin awo ne kafin ya zama aikin walda, kuma awon da ake buƙata an riga an rubuta shi a jikin motar.

Yawancin motocin kayan da ke yawo a Nijeriya da Nijar gwanjon Turai ne, sun shigo ta Kwatano ko Legas, kuma kowacce tana ɗauke da ɗan allon ƙarfe ko takardar manne a jikin ƙofar direba ko a ƙarƙashin murfin inji. A kan allon, ƙasa da lambar shasi, akwai lambobi huɗu a jere, duk da kilo. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar tare da duk abin da ke cikinta, har direba da mai. Ta biyu ita ce iyakar nauyin motar da tirelar a haɗe. Ta uku da ta huɗu su ne abin da ƙafafun gaba da na baya za su iya ɗauka. A ce lamba ta farko 3,000 ce, ta biyu 5,000: idan motar ta cika maƙil, abin da ya rage wa tirela da kayanta kilo 2,000 ne, ba ƙari. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan ɗaya ne cif, ban da nauyin tankin da na tirelar. Buhun siminti 20 ma tan ɗaya ne. Lissafi ne da ɗan firamare zai iya, amma sau da yawa ana sayen ƙarfen ja a ɗaura a kama hanya ba wanda ya leƙa allon. Hukumomin Birtaniya sun ce idan allon bai nuna nauyin mota da tirela a haɗe ba, to kada a ja komai da wannan motar, domin kamfanin da ya ƙera ta bai amince ta yi wannan aikin ba.

Akwai direbobin da za su ce waɗannan lambobi tsoro ne kawai irin na kamfani, ai kowa ya san mota tana ɗaukar ninkin abin da aka rubuta, kuma shekara da shekaru ana lodi fiye da ƙima ana isa lafiya. Gaskiya ne injiniyoyi suna barin rara, amma ya kamata a san abin da aka bar rarar dominsa. An bar ta ne saboda ramin da ba a gani ba, da birkin gaggawa, da tsufan ƙarfe. Wanda ya cinye ta da lodi tun daga tasha ya fita ba shi da abin da zai tari ranar tsautsayi. Kuma lambobin ba a ɗaki aka zauna aka ƙirƙiro su ba. Ƙa'idar Turai tana buƙatar mota da tirelarta cike da kaya su iya tashi daga tsaye sau biyar cikin minti biyar a kan hawa mai tsinin kashi 12 cikin ɗari. A Amurka, ƙa'idar SAE J2807, wadda manyan kamfanonin motocin ƙasar suka runguma a wajen 2015, tana sa a hau da mota da tirela wata doguwar hanya ta kusan kilomita 18 kusa da madatsar ruwan Davis a jihar Arizona, a ranar da zafi bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya mota a kunne, ba tare da injin ya yi zafi ba. Wannan shi ne gwaji mai tsanani a wurinsu. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40 kwana da kwanaki. Motar da ta riga ta yi shekara goma sha biyar a Turai, lagiretonta ya fara toshewa, kulocinta ya ci rabi, sannan aka kawo ta wannan zafi, hankali ya nuna a rage mata daga abin da allon ya ce. Babu wata hujjar da za ta sa a ƙara mata.

Batun birki ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne lissafi ya fi fitowa fili. Abin da ke tsayar da mota shi ne riƙon da tayoyinta suka yi wa kwalta, kuma ƙarfin wannan riƙo ya dogara ne da nauyin da ke danne tayoyin masu birki. Ɗauki motar da nauyinta ya kai kilo 2,500, aka ɗaura mata tirela marar birki mai kilo 1,500. Tayoyin da ke birki suna ƙarƙashin kilo 2,500, amma abin da za su tsayar kilo 4,000 ne. Tazarar tsayawa za ta ƙaru da kusan kashi 60 cikin ɗari, ko da birkin motar sabo ne fil. Inda da ta tsaya a mita 30, yanzu sai ta kai kusan 48, kuma cikin waɗannan mita 18 da suka ƙaru ne mai babur ko garken awaki suke. Wannan ya sa dokar Turai ta taƙaita tirela marar birki ga kilo 750 gaba ɗaya, Birtaniya kuma ta ƙara da cewa kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta ba kaya. Daga nan zuwa kilo 3,500 dole tirelar ta kasance da birkinta, kuma wanda aka fi amfani da shi ba ya buƙatar waya ko iska. Idan motar ta rage gudu, tirelar takan turo wuyanta gaba, wannan turi ya danna wani ƙarfe mai zamewa, shi kuma ya ja wayoyin da ke kama birkin tayoyin tirelar. Dabara ce mai sauƙi, amma tana mutuwa shiru idan ƙura da tsatsa suka kama ƙarfen mai zamewa ko wayoyin suka saki. Tirelar da ta kwana damina guda a waje ba a shafa mata giris ba, a ɗauke ta a matsayin marar birki har sai an ɗaga ta da jak an gwada.

Mai cewa shi ba ya gudu, a hankali yake tafiya, yana da gaskiya rabi. Ƙarfin da birki zai kashe yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, don haka wanda ke kilomita 90 a awa yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na mai kilomita 60 sau biyu da kwata. Rage gudu shi ne kariya mafi araha da direba ke da ita. Sai dai gangara ba ta tambayar direba gudun da yake so. Mai saukowa daga Jos ta Hawan Kibo zuwa Akwanga, nauyin da ke bayansa ne ke tura shi, kuma idan ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama, duk wannan turi zafi yake zama a cikin faifan birki. Man birki yana tsotsar danshi daga iska a hankali. Nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, kuma da zarar ya tafasa feda za ta nutse ƙasa ba ta kama komai ba. Saboda haka sauya man birki kafin a fara jan tirela yana cikin shiri, haka nan sanin cewa gangara da ƙaramar giya ake saukarta, a bar injin ya riƙe motar. Mota mai giyar otomatik tana da tata matsalar a wajen hawa, domin man giyarta yana ɗaukar zafi sosai idan tana ja, kuma sau da yawa sai an ƙara mata ɗan lagireto na musamman don sanyaya shi.

Ko da jimillar nauyi ta yi daidai, inda aka ajiye kayan a kan tirelar yana iya kifar da mota. Duk wanda ya taɓa ganin amalanken jaki da aka jibge wa kaya a baya har ya nemi ɗaga jakin sama ya san tushen matsalar. Idan nauyin ya koma bayan tayoyin tirela, wuyanta yakan ɗaga bayan motar, tayoyin baya su rasa riƙo, tirelar ta fara kaɗawa hagu da dama. Ga kowace mota da tirela akwai wani gudu wanda in ba a kai shi ba kaɗawar takan lafa da kanta, in kuwa aka wuce shi kowace kaɗawa sai ta fi ta baya girma har tirelar ta juya motar. Binciken da injiniyoyin Jami'ar Bath a Ingila suka wallafa a 2009, bayan gwaji da mota da tirela a kan hanya, ya nuna cewa abubuwan da suka fi tasiri a kan wannan su ne nauyin da ke kan wuyan tirela, da wurin da tayoyinta suke, da yadda aka baza kaya nesa da tsakiyarta. Wannan na ƙarshe shi ne wanda mutane suka fi kuskurewa. Mutum zai sa janareta a can gaba, ya sa gangar mai a can baya don su daidaita juna, ya auna wuyan ya ga lafiya lau, alhali ya ƙirƙiri tirelar da in ta fara lilo ba ta son tsayawa. Kaya mai nauyi wurinsa ƙasa-ƙasa, a kan tayoyin ko ɗan gabansu kaɗan, a ɗaure shi yadda ba zai zame ba. Tankin ruwa kuwa ko dai a cika shi ko a bar shi fanko, domin rabin tanki kaya ne da ke sauya wuri da kansa a kowace kwana. Idan kaɗawar ta fara a kan hanya, abin yi shi ne a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a riƙe sitiyari a miƙe. Taka birki da ƙarfi yana ƙara ta'azzara ta, kuma maganar da ake yaɗawa cewa a ƙara wuta tirelar za ta miƙe ba ta da tushe, gudun da ya haddasa matsalar ne ake ƙarawa.

Yawan nauyi a wuya ma yana da nasa sharrin. Ƙwallon ja, wanda wuyan tirela ke zama a kansa, yana can bayan tayoyin baya, don haka duk abin da aka ɗora masa yana danne baya ya ɗaga gaba. A motar da tazarar ƙafafunta ta kai mita 3, ƙwallon kuma yana mita 1.2 bayan ƙafar baya, kilo 100 a kan ƙwallon yana zama kilo 140 a kan tayoyin baya, ya kuma sauke kilo 40 daga tayoyin gaba, waɗanda su ne ke juya motar. Motar kaya da ta riga ta cika tana iya wuce lamba ta huɗu ta allonta ta wannan hanya ba tare da ta wuce ta farko ba. A Turai ana neman nauyin wuya ya kai aƙalla kashi 4 cikin ɗari na nauyin tirela, ana kuma ba da shawarar 5 zuwa 7, muddin bai wuce abin da aka rubuta a jikin ƙarfen ja ba. A Amurka shawarar kashi 10 zuwa 15 ce. Wani zai ce tunda Turai da Amurka ba su daidaita ba, ashe lambobin ra'ayi ne. Bambancin yana da dalili. Jamus ta tsayar da mai jan tirela a kilomita 80 a awa, sai wanda ya cika wasu sharuɗɗa ne ake bari ya kai 100, Birtaniya kuma ta tsayar da shi a kusan 96 a manyan hanyoyi. A jihohi da dama na Amurka ana gudu fiye da haka, da manyan motoci masu ƙarfin baya, don haka suka zaɓi ƙarin nauyi a wuya don tirelar ta natsu. Kowane tsari ya haɗa gudu da nauyi da irin mota ne wuri guda. Haɗarin yana ga wanda ya ɗauki sauƙin wuyan Turai ya haɗa da gudun Amurka. Auna wuyan ba ya buƙatar wata na'ura ta musamman: sikelin auna buhu da guntun katako da aka yanka daidai tsayin ƙwallon sun isa.

Sai ƙarfen ja kansa, inda maganar masu walda ta shigo. Masu waldarmu suna da basira, sun ƙera bodin manyan motoci da tankuna da amalanke masu shekaru suna aiki, kuma ba daidai ba ne a raina su. Matsalar ita ce irin lalacewar da ke samun ƙarfen ja ba a ganinta ranar da aka gama aiki. Kowane tashi da kowane birki da kowane rami yana jan ƙarfen ya sake shi, sau dubbai a tafiya ɗaya, har wata 'yar tsaga ta fara daga gefen walda ta riƙa ci a ɓoye, ranar da za ta karye kuma ba ta ba da sanarwa. Ƙa'ida ta 55 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kayan haɗa mota da tirela tana buƙatar a girgiza ƙarfen a na'ura sau miliyan 2 bai tsage ba kafin a ba shi lamba. Babu garejin da zai iya wannan gwaji da ido ko da guduma. Bayan haka, kamfanin motar ya tanadi wuraren da ya ƙarfafa a jikin shasi, da ramukan da za a ɗaure ƙarfen ja da noti. Walda a kan shasi tana iya raunana ƙarfen wurin, ɗaurawa a jikin bamba ko matakalar baya kuwa ɗaurawa ce a kan abin da ba a yi shi don ja ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a nemo ƙarfen jan da aka yi wa wannan samfurin motar, ko da na gwanjo ne daga motar da aka farfasa, a duba ba tsatsa ba tsaga, a ɗaure shi da sababbin kusoshi masu ƙarfin da aka ƙayyade. Gwanintar mai walda ta fi amfani a jikin tirelar.

Kasuwar gwanjo ta kawo wani haɗari da ba kowa ya lura da shi ba. Ƙwallon ja na Turai milimita 50 ne. Na Amurka iri-iri ne, akwai mai inci 2, wato milimita 50.8, akwai ƙarami mai milimita 47.6. A ido duk ɗaya suke. Bakin tirelar Turai zai zauna a kan ƙaramin ƙwallon Amurka kamar ya kama, ya yi tafiya lafiya a kan kwalta mai santsi, sannan ya yi tsalle ya fita a rami na farko mai zurfi. Ko ƙwallo da baki sun dace, sai an tabbatar makullin ya faɗa. A watan Janairun 2014, a birnin Bristol na Ingila, wata tirela ta kwance daga motar da ke janta ta hau gefen titi ta kashe yaro ɗan shekara uku da ke tafiya da mahaifiyarsa, kuma abin da aka gano shi ne bakin tirelar bai kulle a kan ƙwallon yadda ya kamata ba. 'Yar majalisar yankin, Karin Smyth, ta kai maganar gaban majalisar dokoki, hukumomi kuma suka ƙaddamar da gangamin wayar da kai kan duba tirela kafin tafiya. Gwajin da zai hana irin wannan ba ya cin minti ɗaya: bayan an haɗa, a juya ƙafar tirela ta gaba kamar za a ɗaga wuyan, in bayan motar ya ɗago tare da shi to ya kama. Sannan a sa kariya ta biyu. Tirela mai birki tana da siririyar wayar da ake maƙalawa a jikin motar, wadda in tirelar ta kwance za ta finciko birkinta kafin ta tsinke. Marar birki kuwa sarƙa take buƙata, gajeriya yadda wuyan ba zai caki ƙasa ba, mai ɗan sako-sako yadda za a iya shan kwana.

Sauran shirin sananne ne, ko da yake ana yawan tsallake shi. Tayoyin motar kaya suna da harafin C bayan lambar girmansu, alamar an yi su don lodi, kuma sa mata tayar ƙaramar mota don araha yana rushe duk lissafin da aka yi a sama. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar tirela takan tsufa ta tsattsage tun zanenta bai cinye ba, saboda zaman rana. A duba iska da safe kafin taya ta ɗumama, a duba boris ɗin ƙafafun tirela, a tabbatar fitilun birki da sigina suna aiki a bayanta, domin tirelar tana rufe na motar, kuma wanda ke biye da ita da dare a hanyar da ba fitila ba shi da wata alama sai su. Idan tirelar ta fi motar faɗi, a ƙara madubi mai miƙowa. Mutum kuma ba ya hawa tirela tana tafiya, ko yaron mota ne.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na kuɗi. Mai motar haya da ke neman abincin iyalinsa zai ce tirela mai birki da ƙarfen ja na asali da tayoyi masu kyau sun fi ƙarfinsa, kuma sikelin auna mota ba a kowane gari yake ba. Wannan gaskiya ce, kuma akwai aikin da ya rataya a wuyan hukumomi irin su Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, da ƙungiyoyin direbobi, na koya wa mutane karanta allon nauyi da samar da wuraren awo a manyan tashoshi. Amma idan aka duba abubuwan da aka ambata a wannan babi, mafi yawansu ba sa cin ko sisi. Karanta allo kyauta ne, ƙirga buhu da lita kyauta ne, matsar da janareta zuwa kan tayoyi da gwada makulli da sauka gangara da ƙaramar giya duk kyauta ne. Abin da ke cin kuɗi shi ne birkin tirela da ƙarfen ja, kuma wanda bai samu halinsu ba yana da mafitar da ba ta jefa kowa cikin haɗari: ya tsaya a ƙasa da kilo 750, tirela da kayanta, ya raba lodin sawu biyu, ko ya ba babbar mota haya ta kai abin da ya fi haka.